Darasi na Tara: Haɗa Gahawa Mai Sanyi da Ruwan Kwakwa a Gida

MANUFOFIN DARASI

A ƙarshen wannan darasi, ana sa ran ɗalibi zai iya:

1. bayyana abin da ake kira gahawa da inda ta samo asali;
2. bambance ruwan kwakwa da madarar kwakwa;
3. zaɓen kwakwa mai kyau da fitar da ruwanta cikin tsafta;
4. auna gahawa da ruwan kwakwa daidai, ko na mutum ɗaya ko na mutane da yawa;
5. haɗa gahawa mai sanyi ta hanyoyi uku;
6. faɗin waɗanda ya kamata su yi hattara da wannan abin sha, da dalilin hakan.

GABATARWA

Idan bazara ta kankama, daga watan Maris zuwa Mayu, ba mai marmarin abu mai zafi da tsakar rana. Hankalin kowa yana kan zoɓo da kunun aya da lamurje da fura mai sanyi. Mai son gahawa sai ya haƙura da ita har rana ta yi sanyi. To, ashe akwai hanyar shan ta da sanyi, kuma ba sai an je wani babban kanti ba. Kayan haɗin uku ne kawai: gahawa, ruwan kwakwa da ƙanƙara.

Aikin ba wuya, amma yana da ƙa'ida. Abu biyu ne ke gyara shi ko su ɓata shi, wato awo da tsafta. Wanda ya riƙe su zai sami abin sha mai daɗi kullum, ba wai yau ya yi daɗi gobe ya yi salam ba. A kansu za mu gina wannan darasi.

1. MECE CE GAHAWA?

Gahawa 'ya'yan wata ƙaramar bishiya ce. 'Ya'yan kan fito kore, su koma ja idan sun nuna. Galibi a cikin kowane ɗa akwai ƙwaya biyu. Ƙwayoyin ne ake shanyawa, a soya su ba mai, kamar suyar gyaɗa, har su yi duhu su fara ƙamshi, sannan a niƙa.

Asalin bishiyar daga ƙasar Habasha ne. Amma a ƙasar Yaman ne aka fara sanin dafa ta ana sha, a ƙarni na 15, inda Sufaye ke shan ta don su kori barci su raya dare da ibada. Larabawa suna ce mata ƙahwa, daga nan Hausa ta sami kalmar gahawa. A yau Barazil ce ta fi kowace ƙasa noma ta, sai Biyetnam. A Nijeriya ma ana noma ta, musamman a tsaunin Mambila da ke Jihar Taraba, saboda sanyin wurin.

Iri biyu ne suka fi yawa a kasuwa. Arabika ta fi ƙamshi, ɗacinta kuma da sauƙi. Robusta ta fi ɗaci, kuma sinadarin da ke hana barci a cikinta ya kusan ninka na arabika. Wannan sinadari shi ake kira kafeyin. Shi ne dai ke cikin goro da ganyen shayi.

Gahawar da muka fi sani a teburin mai shayi ita ce mai narkewa. A masana'anta ake dafa ta, a busar da ruwan ya koma gari, shi ya sa take narkewa ba ta barin tsaki. Kamfanin Nestlé ya fito da Nescafé a ƙasar Suwizalan a 1938, daga nan irin wannan gahawa ta bazu a duniya.

AKWATIN KALMOMI NA ƊAYA

Gahawa: abin sha da ake yi da soyayyun ƙwayoyin bishiyar gahawa. Mutane da yawa suna ce mata kofi. A wannan darasi za mu riƙa cewa gahawa, mu bar kalmar kofi ga mazubin da ake sha da shi.

Kafeyin: sinadarin da ke cikin gahawa da shayi da goro, mai wartsake jiki da hana barci.

Gahawa mai narkewa: garin gahawar da ke narkewa gaba ɗaya a ruwa.

Niƙaƙƙiyar gahawa: ƙwayoyin da aka niƙa kawai. Ba ta narkewa, sai an tace.

2. RUWAN KWAKWA

Kwakwar da muke magana a kai ita ce babbar nan mai ruwa a ciki, wadda ake kira kwakwar Attagara, ba kwakwar manja ba. Bishiyarta tana son bakin teku da iska mai laima. Indunusiya da Filifins da Indiya su ne kan gaba wajen noma ta. A Nijeriya garin Badagiri na Jihar Legas ya yi suna da ita, haka ma gaɓar tekun Gana, inda masu talla ke sare kan ɗanyar kwakwa da adda su miƙa wa mai saye ya sha nan take.

Kwakwa tana ɗaukar kusan shekara guda kafin ta ƙosa. Tana wata shida zuwa bakwai, bayanta kore ne, namanta laushi gare shi kamar dafaffen ƙwai, kuma a lokacin ne ruwanta ya fi yawa da zaƙi. Ɗaya takan ba da kofi ɗaya zuwa biyu. Tana ƙara ƙosawa, naman yana ƙara kauri, ruwan yana raguwa. Busasshiyar nan mai gashi-gashi da ta fi isowa kasuwannin Arewa, sau da yawa ruwanta ba ya cika kofi guda. Yana yin aikin, sai dai a tanadi biyu maimakon ɗaya. Akwai kuma ruwan kwakwa na kwali ko na gwangwani a manyan kantuna. Idan shi za a saya, a duba ranar lalacewa, a kuma karanta ko an ƙara masa sukari.

Kada a rikita ruwan kwakwa da madararta. Ruwan yana nan cikin kwakwa tun fil azal, garai-garai, ba maiƙo. Madara kuwa yin ta ake yi: a goge naman, a zuba ruwa, a matse, ta fito fara ƙal da maiƙo.

Kusan kashi 95 cikin 100 na ruwan kwakwa ruwa ne zalla. Sauran ɗan sukari ne da gishirin jiki, musamman wanda ake kira fotasiyam. Kofi ɗaya yana ɗauke da miligiram 400 zuwa 600 na fotasiyam, wato daidai da ayaba guda matsakaiciya ko fiye.

Yadda ake zaɓen busasshiyar kwakwa:

a. A ɗaga ta, a ji ta da nauyi.
b. A girgiza ta kusa da kunne. Mai kyau za a ji ruwa na motsi sosai.
c. A duba idanunta uku. Su kasance a bushe, ba hunhuna, ba danshi.
d. A juya ta, a tabbata ba ta tsage ba.

Yadda ake fitar da ruwan: a wanke kwakwar da hannuwa. A cikin idanun nan uku, biyu masu tauri ne, ɗaya mai laushi. A gwada su da tsinin wuƙa mai tsafta. Idan aka dace da mai laushin, za a ji wuƙar ta nutse kamar a cikin ɗanyar doya. A juya ta a faɗaɗa hujin, a ɗora mataci a bakin kofi, a kife kwakwar a kai. Ruwan zai riƙa fitowa ɓul-ɓul, matacin yana tare gashi da ɓarɓashi. Kafin a yi komai da shi, a shinshina, sannan a ɗanɗana da cokali. Mai kyau ƙamshinsa sassauƙa ne, da ɗan zaƙi da ɗan gishiri-gishiri. Idan ya yi tsami, ko yana wari, ko yana yauƙi, a zubar, kada a yi tausayinsa.

AKWATIN KALMOMI NA BIYU

Ruwan kwakwa: ruwan da ake tararwa a cikin kwakwa idan an huda ta.

Madarar kwakwa: farin ruwa mai maiƙo da ake matsowa daga gogaggen naman kwakwa.

Fotasiyam: gishirin jiki da ke taimaka wa zuciya da jijiyoyi su yi aiki. Ƙoda ce ke fitar da rararsa ta fitsari.

3. ME YA SA AKE HAƊA SU?

Shan gahawa da sanyi ya daɗe. A 1840 sojojin Faransa da ke sansanin Mazagaran a Aljeriya sun riƙa shan ta da ruwan sanyi, har aka laƙaba wa irin wannan haɗi sunan garin. A 1957 kuma, a wata kasuwar baje koli a birnin Tasalonika na ƙasar Girka, aka fara girgiza gahawa mai narkewa da ruwan sanyi har ta yi kumfa. Zuba ta a kan ruwan kwakwa kuwa ya fi yawa a ƙasashe masu zafi da yalwar kwakwa, irin su Tailan da Biyetnam.

Dalilin haɗin a bayyane yake. Gahawa ɗaci gare ta. Ruwan kwakwa yana da zaƙi da ɗan gishiri, kuma duka biyun suna kwantar da ɗaci a harshe. Saboda haka ruwan kwakwa yana yin aikin ruwa da na sukari a lokaci guda. Wanda ya saba zuba cokali uku na sukari zai ga rabin cokali ya ishe shi, ko ma ya sha haka nan.

4. AWO: ƊAYA DA UKU

Ƙa'idar ita ce: awo ɗaya na gahawa mai kauri, awo uku na ruwan kwakwa. Ko da finjali aka auna, ko da ludayi, ko da gwangwanin madara, duk ɗaya ne, muddin da mazubi guda aka auna su duka.

Ga ma'aunan da ke kowane gida:

Cokalin shayi: mililita 5.
Cokalin cin abinci: mililita 15.
Ledar fiya wata: mililita 500.
Kofi matsakaici: mililita 250, wato rabin ledar fiya wata.

Na mutum ɗaya: gahawa mililita 60, wato cokalin cin abinci 4, da ruwan kwakwa mililita 180, wato cokali 12.

Me ya sa gahawar za ta yi kauri? Saboda sau biyu za a tsinka ta. Ruwan kwakwa zai tsinka ta, ƙanƙara ma idan ta narke za ta ƙara. Idan tun farko an yi ta tsararo kamar ta shan safe, abin da zai rage a kofi launi ne kawai.

AKWATIN KALMOMI NA UKU

Gahawa mai kauri: wadda aka yi da gari mai yawa da ruwa kaɗan, don a tsinka ta daga baya.

Mililita: ma'aunin ruwa. Mililita 1,000 ne lita ɗaya.

Miligiram: ma'aunin nauyi ƙarami ƙwarai. Miligiram 1,000 ne giram ɗaya.

Misali na ɗaya. Wata uwargida za ta yi baƙi huɗu, tana so ta haɗa da nata, kofi biyar ke nan. Gahawa: 60 sau 5, mililita 300. Ruwan kwakwa: 180 sau 5, mililita 900, wato ya kusa lita ɗaya. Idan kowace busasshiyar kwakwa ta ba ta mililita 150, sai ta raba 900 da 150. Amsa 6. Kwakwa shida za ta saya. Tun a gida ta san haka, ba sai baƙi sun zauna ta ga ruwa ya gaza ba.

5. HANYOYI UKU NA YIN GAHAWA MAI KAURI

Hanya ta farko, da gahawa mai narkewa. Ita ce mafi sauƙi. A zuba cokalin shayi biyu na garin a kofi, a sa ruwan zafi cokalin cin abinci huɗu, a juya ya narke. A ajiye ya huce.

Hanya ta biyu, da niƙaƙƙiyar gahawa da ruwan zafi. A tafasa ruwa, a sauke, a bar shi kamar minti ɗaya. Zafin da ake so shi ne digiri 90 zuwa 96 a ma'aunin Salshiyos, wato ƙasa kaɗan da tafasa. A zuba cokalin cin abinci biyu na garin a kofi, a sa ruwan cokali shida, a rufe minti huɗu, a tace da ƙyalle mai tsafta. Kada a bar ta a kan wuta tana ta ɓararraka, ƙamshin zai gudu, ɗacin ya zauna.

Hanya ta uku, jiƙo. Wannan ba ta buƙatar wuta, haƙuri take buƙata. A sami gahawar da aka ɓarza kamar tsaki, ba lukui ba. Wanda ke da ƙwayoyin soyayyu zai iya ɓarza su a turmi mai tsafta, wanda bai taɓa daka yaji ba. A zuba cokalin cin abinci 12, kimanin giram 60, a kwalba mai murfi, a juye ledar fiya wata guda a kai, a girgiza, a sa a firji awa 12 zuwa 18, sannan a tace. Jiƙo ya fi sauran laushi a baki, ɗacinsa ba ya kartar maƙogwaro, don haka ya fi dacewa da ruwan kwakwa. Amma wanda ba shi da firji ko kula mai ƙanƙara, ya bi hanya ta farko ko ta biyu.

A lura da kyau: a ruwa ake dafa gahawa, ba a ruwan kwakwa ba. Zafi yana kashe ɗanɗanon ruwan kwakwa. Da sanyinsa ake son sa.

Misali na biyu. Wani mai shayi ya jiƙa giram 60 a ruwa mililita 500 bayan sallar Isha'i. Da hantsi ya tace, sai ya sami mililita 380 kawai. Ina sauran? Garin gahawa yana shanye ruwa kimanin ninki biyu na nauyinsa: 60 sau 2, 120. In an cire 120 daga 500, saura 380. Kofi nawa zai fitar? Kowane kofi yana cin 60. Kofi shida sun ci 360, saura 20. Jiƙonsa na mutum shida ne.

6. ƘANƘARA DA TSAFTA

Nan ne mutane da yawa ke yin sakaci. Akwai masu zaton sanyi yana kashe ƙwayoyin cuta. Ba ya kashe su duka. Da yawansu kwantawa kawai suke yi, ƙanƙara na narkewa su farfaɗo. Ƙanƙarar da aka yi da gurɓataccen ruwa tana iya kawo kwalara ko taifot ko gudawa, daidai da shan ruwan kansa.

Saboda haka ƙanƙarar da za ta shiga kofi, a yi ta a gida da ruwan da aka tafasa ko aka amince da shi. Idan ta kasuwa ce, wadda ba a san ruwan da aka yi ta da shi ba, kada ta taɓa abin shan. A zuba gahawa da ruwan kwakwa a kwalabe, a rufe da kyau, a binne kwalaben cikin ƙanƙarar a kula. Sanyin zai ratsa ta waje. Wanda ba shi da ko ɗaya, ya tsoma rufaffiyar kwalba a randa, ko ya naɗe ta da jiƙaƙƙen tsumma ya ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Ba za ta kai ƙanƙara ba, amma za ta sanyaya rai.

Ga wata dabara ga mai firiza: a daskarar da ruwan kwakwan kansa, ko ragowar gahawa, a yi ƙanƙara da su. Idan ta narke, ɗanɗano take ƙarawa.

Kofi da mataci da cokali da wuƙa, duk a wanke su da sabulu. Haka hannuwa. Tsafta cikon addini ce, kuma rigakafi ya fi magani.

7. HAƊAWA

Kayan aiki: kofin gilashi, cokali, mataci.

Mataki na 1: A yi gahawa mai kauri, cokali huɗu. Mai son ƙarin zaƙi ya narkar da sukari ko zuma ko mazarƙwaila a cikinta tun tana da zafi, domin sukari ba ya narkewa da wuri a ruwan sanyi, kwanciya yake yi a gindin kofi.

Mataki na 2: A bar ta ta huce sarai. Idan aka zuba ta da zafi, ƙanƙarar za ta narke nan da nan, gilashin ma yana iya tsagewa.

Mataki na 3: A zuba ƙanƙara zuwa rabin kofi.

Mataki na 4: A zuba ruwan kwakwa cokali 12.

Mataki na 5: A kifa cokali a saman ƙanƙarar, a riƙa tsiyaya gahawar a bayansa sannu a hankali.

A nan a ɗan dakata a kalli kofin. Gahawar takan tsaya a sama, baƙa wuluk, ruwan kwakwa na ƙasa garai-garai. Can sai ta fara sauka zare-zare tsakanin ƙanƙara, kamar hayaƙin turaren wuta da ya juya ƙasa. Idan baƙo za a kai wa, a haka ake kai masa, shi ya juya da kansa.

Mataki na 6: A juya, a ɗanɗana. In ta yi ɗaci, a ƙara ruwan kwakwa cokali biyu. In ta yi salam, gobe a rage shi. A rubuta awon da ya yi daɗi don kada a manta.

Mai son ƙamshi zai iya jefa ɗan yankin citta, ko kanumfari guda biyu, ko ɓallin kirfa a ruwan zafin. Mai son ta da maiƙo ya ƙara cokali biyu na madarar kwakwa ko madarar gwangwani. Naman kwakwar kuma ba asara ba ne: ga kunun aya, ga alawar kwakwa, ga shinkafa.

Misali na uku. Mu ƙaddara kwakwa ɗaya naira 700 ce, kofi ɗaya yana cin ruwan kwakwa biyu ƙanana, naira 1,400. Gahawa ta naira 200, ƙanƙara ta 100. Jimilla 1,700. Idan uwargida ta yi alawa da naman ta sayar naira 1,000, kofin ya tsaya mata a 700. Ɗalibi ya sa farashin kasuwar garinsu ya sake wannan lissafi.

8. AJIYA

Muddin kwakwa na rufe, ruwanta a tsare yake. Ana huda ta, lalacewa ta fara ƙirga masa lokaci, domin sukarin da ke ciki abinci ne ga ƙwayoyin cuta. A zafin ɗaki kada ya wuce awa biyu, da bazara ma awa ɗaya. A firji, cikin rufaffiyar kwalba, a shanye shi cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Idan an ɗauke wuta ya kwana ba sanyi, a zubar. Wani lokaci ruwan ɗanyar kwakwa yakan yi ɗan ja-ja bayan iska ta taɓa shi. Wannan launi shi kaɗai ba lalacewa ba ne. Tsami da wari da yauƙi su ne alamun lalacewa.

Gahawa mai kauri da ba a sa mata komai ba takan yi kwana uku zuwa huɗu a firji. A ajiye kowanne daban, sai za a sha a haɗa.

9. WA ZAI YI HATTARA?

Komai ya yi yawa ɓaci yake yi. A 2015 hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta bayyana cewa baligi mai lafiya zai iya shan kafeyin har miligiram 400 a yini ba tare da damuwa ba, mai juna biyu kuma kada ta wuce 200. Cokalin shayi ɗaya a cike na gahawa mai narkewa yana da kimanin miligiram 60. Kofin da muka haɗa yana da cokali biyu, kimanin 120 ke nan. Kofin shayi ɗaya yana da kimanin 45.

Sanyi da zaƙi suna ɓoye ƙarfin gahawa. Mutum yakan shanye kofi biyu a tsaye, alhali da mai zafi ce da kurɓa zai yi. Kafeyin kuma yana daɗewa a jiki: bayan kimanin awa biyar, rabinsa na nan. Wanda ya sha bayan La'asar, zuwa ƙarfe tara na dare bai rabu da shi ba. Mai wahalar barci ya sha da hantsi. Da azumi, mai son ya tashi sahur da kuzari ya taƙaita bayan shan ruwa.

Waɗannan su nemi shawarar likita tukuna:

a. Masu ciwon ƙoda. Ƙodar da ta raunana ba ta iya fitar da fotasiyam, kuma taruwarsa a jini haɗari ce ga zuciya.
b. Masu hawan jini da masu ciwon zuciya. Kafeyin yana ɗaga jini na ɗan lokaci, wasu magungunan hawan jini kuma suna riƙe fotasiyam a jiki.
c. Masu ciwon sukari. Zaƙin ruwan kwakwa sukari ne, ko da ba a ƙara ba.
d. Masu juna biyu da masu shayarwa.
e. Masu gyambon ciki, idan gahawa na tayar musu da shi.

Masu ƙarancin jini su raba shan gahawa da cin abinci da aƙalla awa ɗaya, domin tana rage sinadarin ƙarfe da jiki ke tsotsa daga abinci. Yara kuma a ba su ruwan kwakwa zalla.

Misali na huɗu. Wani direba ya sha shayi kofi uku tun safe: 45 sau 3, miligiram 135. Da rana ya sha gahawa mai sanyi kofi biyu: 120 sau 2, 240. Jimilla 375. Saura 25 ya kai 400, ga shi ba a lissafa goron da ke aljihunsa ba. Abin da ya dace da shi kofi ɗaya ne, ko ya yi kowane kofi da cokali ɗaya na gari.

TAƘAITAWA

Gahawa a yi ta da kauri, a ruwa, a bar ta ta huce. Ruwan kwakwa ya zama sabo, mai sanyi, ba a dafa shi. Awo ɗaya da uku. Ƙanƙarar da za ta shiga kofi ta fito daga ruwa mai tsafta. A haɗa lokacin sha. Mai larura ya tambayi likita.

TAMBAYOYIN BITA

A. Cike gurbi

1. Asalin bishiyar gahawa daga ƙasar ________ ne.
2. Sinadarin da ke hana barci a gahawa da goro shi ne ________.
3. Ledar fiya wata guda mililita ________ ce.
4. Ana jiƙa gahawa a firji na awa ________ zuwa ________.

B. Gaskiya ko ba gaskiya ba

5. Ruwan kwakwa da madarar kwakwa abu ɗaya ne.
6. Daskarewa tana kashe dukkan ƙwayoyin cuta.
7. Ɗanyar kwakwa ta fi busasshiya ruwa.
8. Ya kamata a tafasa gahawa a cikin ruwan kwakwa.

C. Amsa da bayani

9. Kawo alamomi huɗu na busasshiyar kwakwa mai kyau.
10. Me ya sa ake yin gahawar da kauri?
11. Yaya za a sanyaya abin sha da ƙanƙarar kasuwa ba tare da an sa ta a kofi ba?
12. Don me mai ciwon ƙoda zai yi hattara da ruwan kwakwa?

D. Lissafi

13. Za a haɗa wa mutum takwas. Mililita nawa na gahawa da na ruwan kwakwa ake buƙata?
14. An sami ruwan kwakwa finjali tara. Finjali nawa na gahawa za a sa?
15. Wata mai juna biyu ta sha shayi kofi biyu da safe. Idan ta ƙara da kofi ɗaya mai cokali biyu na gahawa, ta wuce miligiram 200 ko ba ta wuce ba? Nuna lissafinka.

AIKIN GIDA

Sayi busasshiyar kwakwa guda, ka fitar da ruwanta kamar yadda aka koya, ka auna da cokalin cin abinci. Rubuta cokali nawa ka samu, da cokali nawa na gahawa mai kauri ya dace da shi. Haɗa, ka ɗanɗana, ka ba wani baligi mai lafiya a gidanku shi ma ya ɗanɗana. Rubuta abin da ya ce cikin jimla uku, ka zo da shi aji mako mai zuwa don mu kwatanta awon juna.